Ƙananan Jif-Jif Da Hanyar Gwaska: Ina Garanti Ya Ke Aiki?

A ƙarshen watan Nuwamba na 2024 Gwamnan Jihar Kaduna, Sanata Uba Sani, ya je Birnin Gwari ya karɓi waɗansu 'yan bindigar daji da suka ce sun ajiye makamai, ya kuma buɗe kasuwar shanu wadda ta yi shekaru a rufe. Bayan wannan sai motoci suka ƙara yawa a kan hanyar Kaduna, hanyar da a da direbobi su kan taru su jira rakiyar soja kafin su bi ta. Duk wanda ya tuna da abin da ya auku a Gwaska ran 5 ga Mayu 2018, sa'ad da mahara suka faɗa wa ƙauyen suka kashe mutum fiye da 40, ya san wannan ba ƙaramin sauƙi ba ne. Allah ya sa ya ɗore. To, in hanya ta buɗe sai zancen abin hawa ya taso, kuma motar da ta fi shiga ran mutane a zamanin nan ita ce ƙaramar jif, irin su Toyota RAV4 da Honda CR-V na Japan, da Hyundai Tucson da Kia Sportage na Koriya, da Peugeot 3008 ta Faransa, da kuma Chery Tiggo da GAC GS4 na ƙasar Sin.

Kada mu ruɗi kanmu, malamin firamare ba zai sayi sabuwa ba. Mafi ƙarancin albashin da aka kafa a watan Yuli 2024 Naira 70,000 ne a wata. Wanda ya tara shi duka har shekara goma, bai ci bai sha ba, Naira miliyan 8.4 zai samu, wannan kuwa ba ta isa ko mafi arha a cikin sababbin motocin nan ba. Amma duk da haka maganar ta shafi masu karatunmu ta hanya biyu. Akawu shi ne ya ke rubuta takardar sayen mota in ƙaramar hukuma za ta saya wa sashen lafiya ko sashen ilmi, shi ne kuma zai yi ta rubuta takardun biyan kuɗin gyara shekara da shekaru. Sa'an nan akwai tsohon hedimasta ko babban akawu wanda ya karɓi kuɗin sallama, ko ya ci bashin ƙungiyar adashen ma'aikata, ya nufi Kaduna ko Kano zai sayi ta hannu, wadda mutane ke kira Beljiyam. Wannan in ya yi kuskure sau ɗaya ba shi da wani kuɗin da zai sake gwadawa.

Da fari ya kamata a san irin motar. Ko da ya ke ana kiranta jif, gininta ginin ƙaramar mota ne aka ɗaga shi sama kaɗan. Land Rover ta zamanin En'e da Hilux ta yanzu suna da ƙashin baya na ƙarfe dabam, a kansa a ke ɗora gangar jiki. Ita kuwa wannan, jikin da ƙashin abu guda ne, shi ya sa ta fi sauƙin shan mai da daɗin zama, shi ya sa kuma in ta daku ko tsatsa ta ci ƙarƙashinta, motar ce duka ta taɓu. Da yawa daga cikinsu ma ƙafafun gaba kaɗai ke ja. RAV4 ta fara fitowa a 1994, CR-V a 1995, Tucson a 2004, kuma an ƙera su ne domin mutanen birni masu hanyar kwalta waɗanda su kan ɗan ratse zuwa burji jifa-jifa.

A ƙasashen Turawa masu gwada motocin nan su kan jera abu uku, watau tsawon garanti, da ƙarkon fenti, da kyawun aikin wakilin kamfani, kuma garanti su ke sa wa a gaba domin shi ne mai lamba, ana iya auna shi. A Amurka Toyota da Honda suna ɗaukar nauyin motar duka har shekara 3 ko mil 36,000, inji da giya kuwa shekara 5 ko mil 60,000. Hyundai da Kia sun zarce, motar duka shekara 5 ko mil 60,000, inji da giya shekara 10 ko mil 100,000. A Turai Kia tana ba da shekara 7 ko kilomita 150,000. A nan Nijeriya abin da aka daɗe da sani ga sabuwar Toyota shi ne shekara 3 ko kilomita 100,000, wakilin Kia ya yi tallar shekara 5, sa'an nan Carloha, wakilin Chery, ya yi shelar shekara 6 ko kilomita 200,000 tare da alkawarin gama gyara cikin kwana 7. Wanda ya dubi lambobin nan kaɗai zai ce ai magana ta ƙare, a ɗauki mai shida a bar mai uku.

Amma a tambaya tukuna, me ya sa wanda ya fi suna ya fi rowa? Hyundai ta fito da garantin shekara 10 a Amurka a 1998 ne, lokacin da mutane ba su yarda da ingancin motocinta ba, tana neman ta kwantar musu da hankali. Dabarar ta ci, yanzu kuma kamfanonin Sin sun ɗauke ta a kasuwannin da su ke baƙi. Ba laifi ba ne, baƙon ɗan kasuwa dole ya yi gyara mai yawa kafin a saba da shi. Sai dai garanti alkawari ne na cewa za a gyara in ta lalace, bai ce ba za ta lalace ba. Su Hyundai da Kia ɗin nan masu shekara 10 su ne suka kira motoci masu ɗimbin yawa a 2015 da 2017 saboda wani inji nasu mai suna Theta II da ya kan ƙwanƙwasa ya tsaya, har da Sportage a ciki, kuma a watan Nuwamba 2020 hukumar kiyaye haɗarin hanya ta Amurka ta ɗora musu tara wadda jimlarta ta kai Dala miliyan 210 saboda jinkirin da suka yi. Honda ma ta sha ƙorafi kan CR-V ta 2017 da 2018 mai ƙaramin inji mai tabo, wadda fetur ya kan gauraya da baƙin manta a wuraren sanyi. Ba wanda ya fita.

Ga kuma abin da mai sayen Beljiyam ya kamata ya riƙe da kyau. Garantin Amurka na Amurka ne, na Turai na Turai ne. Motar da ta hau jirgin ruwa ta sauka Ikko, ko ta biyo ta Kwatano kamar yadda aka saba kafin Gwamnati ta hana shigo da motoci ta kan iyakar ƙasa ran 1 ga Janairu 2017, ta baro alkawarin nan a can. Ko a Amurkar ma shekara 10 ɗin ta wanda ya fara sayen motar ce, mai saye na biyu shekara 5 ko mil 60,000 ya ke samu. Saboda haka dillalin da ya tsaya a bakin titi yana cewa wannan kamfani garantin shekara goma gare shi, gaskiya ya faɗa, amma gaskiyar ba ta shafi motar da ke gabansa ba.

Ita sabuwar da aka saya a hannun wakili a nan gida, garantinta na gaske ne, sai dai yana da sharuɗɗa, kuma a nan ne nisan Gwaska ya ke shigowa. Sharaɗi na farko shi ne shekara ko kilomita, duk wanda ya riga cika. Motar ofis mai yawon duba makarantu da asibitoci tana iya cinye kilomita 100,000 tun shekarun ba su cika ba. Na biyu, sai an riƙa kai motar garejin da kamfani ya yarda da shi a kan kari, a yi juye, a buga hatimi a littafi. Bari mu yi lissafi. Daga Birnin Gwari zuwa Kaduna kimanin kilomita 120 ne, ta Kuriga da Udawa da Buruku, zuwa da dawowa 240. In littafin motar ya ce a kawo ta bayan ko wace kilomita 5,000, kafin ta cika 100,000 ta yi zuwa 20, watau kilomita 4,800 na tafiyar da ba ta da wata manufa sai neman hatimi. Wannan fa in garejin yana Kaduna ke nan, ba a kuma sa tsakanin Gwaska da Birnin Gwari ba. In sai Abuja ko Kano, lissafin ya ninka, ga kuɗin mai wanda ya yi tsalle tun da aka janye tallafi ran 29 ga Mayu 2023, ga kuɗin kwanan direba. A shekarun da hanyar ke hannun 'yan bindiga, wa zai sa direba ya sayar da ransa domin hatimi? Sai a kai wa bakanike na gida ya yi juye, daidai kuwa aka yi, amma ranar da giya ta lalace aka je da littafi ba hatimi, wakili yana da abin faɗa.

Har ila yau akwai abubuwan da garanti ba ya ɗauka ko da littafi ya cika. Taya da takalmin birki da filta kaya ne masu cinyewa, ba sa ciki. Abin da rami ya karya ko ruwan rafi ya shiga, haɗari a ke lissafa shi. Haka kuma ɓarnar gurɓataccen mai. Jama'a ba su manta da watan Fabrairu 2022 ba, sa'ad da kamfanin mai na ƙasa ya yarda cewa an shigo da fetur mai sinadarin metanol fiye da kima daga Antwerp ta ƙasar Beljiyam, motoci suka yi ta tsayawa. Wannan a gidajen mai na birni ke nan, balle a ƙauye inda sau da yawa sai a jarkar 'yan bumburutu a ke samun mai. Watau abu uku da suka fi kashe mota a dajin Birnin Gwari, rami da rafi da mugun mai, duk suna wajen takardar.

Zancen fenti kuwa waɗansu na ɗauka ado ne kawai. Ga motar da jikinta shi ne ƙashinta, fenti shi ne katangar da ke tsakanin ƙarfe da tsatsa. A ma'aikata hawa huɗu a ke yi masa. Ana tsoma gangar jikin cikin wani babban kwatami a liƙa mata shafin farko da ƙarfin lantarki, shi ne mai tsare tsatsa. Sa'an nan a fesa na biyu mai riƙe launi, a fesa launin, a rufe da wani garai-garai mai sheƙi wanda ke tare zafin rana, kuma ana gasawa a tanderu mai tsananin zafi. Duka huɗun kaurinsu bai wuce na silin gashi ɗaya ko biyu ba. Mai fentin bakin kasuwa, kome gwanintarsa, ba shi da kwatamin nan ba shi da tanderun nan, saboda haka fentin asali in ya tafi ba ya dawowa kamar da.

A nan Toyota, wadda ta fi kowa suna wajen ƙarko, ita ce ke da tabo. A 2019 ta sanar da masu motocinta a Amurka cewa farin fenti iri biyu, Blizzard Pearl da Super White, yana iya ɓarewa daga jikin waɗansu motoci, har da RAV4 ta 2008 zuwa 2017, ta kuma ɗauki nauyin sake fesawa har wani ƙayyadadden lokaci. Dalilin da ta bayar shi ne hasken rana yau da gobe ya kan raunana riƙon da ke tsakanin shafin farko da na biyu. Mai karatu ya lura da abu biyu. RAV4 ta waɗannan shekaru ita ce ta cika filayen dillalai a Kaduna da Kano, fari kuwa shi ne launin da mutanenmu suka fi so saboda zafi, kuma shi ne launin motocin ofis. In ranar Amurka ta ɓare shi, ina ga ranar bazara a Birnin Gwari? Honda ma ta tsawaita garantin farin fenti a kan waɗansu motocinta, Hyundai kuwa har kotu aka kai ta a can kan ɓarewar fenti. Ashe dai a wajen fenti launi da shekarar ƙira sun fi sunan kamfani muhimmanci.

Akwai kuma garantin tsatsa da a kan yi alfahari da shi, shekara 5 ga Toyota a Amurka, 7 ga Hyundai. Abin da ya ke nufi shi ne tsatsar da ta taso daga ciki har ta huda ƙarfe. Wadda ta fara daga inda tsakuwa ta fasa fenti ba ta ciki, haka kashin tsuntsu da ƙaron itace. Mu kuwa abin da ke cin fentinmu ke nan: tsakuwar burji da manyan motoci ke watsowa, da ajiye mota ƙarƙashin dalbejiya ko mangwaro domin inuwa, da wata ɗabi'a ta direbobin ofis, watau goge ƙurar hunturu da busasshen tsumma ko wace safiya don mai gida ya ga ana aiki. Ƙurar nan yashi ne mai laushi, gogarta a bushe kankare shafin sama ne kaɗan-kaɗan. Gara a bar ta da ƙurarta har a sami ruwa.

Mai sayen ta hannu sai ya durƙusa ya leƙa ƙarƙashi, kada ya ji kunyar babbar rigarsa. A arewacin Amurka da Kanada gishiri a ke zuba wa titi lokacin ƙanƙara, motar da ta yi shekara takwas a can tana iya yin sheƙi a sama alhali ƙasanta ya rube. Akwai kuma waɗanda ambaliya ta shanye ko suka yi haɗari, kamfanonin inshora suka yi gwanjonsu, aka kawo aka buga aka cike da fila aka fesa. Ɗan ƙaramin maganaɗisu ya kan tona asiri, domin inda fila ta yi kauri ba ya kamawa sosai. Ko wace mota kuma tana da lambar shaida mai harufa da alƙaluma 17 a gindin gilashin gaba, da ita a ke bincika tarihin motar a intanet, a ga ko ta taɓa haɗari, ko kamfani ya kira irinta ba a kai ta ba. Yaron da ke da wayar hannu zai iya yin wannan kafin a sha shayi.

Saura abu na uku, wanda a ganinmu shi ya kamata ya zama na farko. Dattawan akawuna sun tuna lokacin da ko wace mota ke da gidanta sananne, Land Rover a BEWAC, Peugeot a SCOA, Volkswagen a Mandilas, Bedford a hannun UAC. Da aka buɗe ma'aikatar Peugeot a Kakuri ta Kaduna a 1975, 504 ta zama motar Arewa. Ba wanda ya ke tuna shekara nawa garantinta ya ke. Abin da a ke tunawa shi ne duk garin da ta tsaya maka, Funtuwa ko Tegina ko Birnin Gwari, akwai bakaniken da ya san ta ciki da waje, akwai kuma mai shagon da ke da kayanta. Ma'aikatar ta sha wahala daga baya, aka sayar da hannun jarin Gwamnati a 2006, hukumar karɓar basussuka ta AMCON ta riƙe ta a 2012, aka sake sayarwa a 2020. A watan Janairu 2022 wani sabon kamfani, Dangote Peugeot, ya fara harhaɗa mota a kan hanyar Kaduna zuwa Abuja, ya fara da 301, daga baya ya ƙara da irin su 3008 da 5008. Ga mutumin Birnin Gwari wannan kusanci abin lissafi ne ƙwarai, tun da yawancin sauran wakilan hedkwatarsu tana Ikko. Amma 3008 ba 504 ba ce. Ƙaramin inji ne mai tabo, kwamfuta ke tafiyar da shi, bakaniken da ke gane ciwon mota da kunne ba zai taɓuka kome ba sai da na'urar da a ke jona mata.

In aka auna ta wannan fuska sai jerin ya juye. RAV4 mai inji 2.5 danginsu ɗaya da injin Camry, CR-V mai 2.4 kuma da na Accord, waɗannan kuwa motoci ne da makanikan Kurmin Mashi suka yi shekaru suna kwancewa suna ɗaurawa, kayansu sabo da tsoho suna nan a Kaduna, da Kofar Ruwa a Kano, da Ladipo a Ikko. Tucson da Sportage suna biye, an fara sabawa da su, kuma sun fi arha wajen saye, sai dai a bincika wane inji ne a ciki. Na Sin sababbi ne, kyawawa ne a ido, takardarsu ta fi ta kowa tsawo, amma yawancin kayansu a hannun wakili su ke, in ba shi da abu sai a jira jirgi. Saboda haka ga mai kuɗin sallama, shawararmu ita ce RAV4 ko CR-V mai inji marar tabo, mai lafiyayyen ƙarƙashi, in fara ce a duba rufinta da bakin ƙofofi da kyau. Kuma in aikin motar shiga ƙauyukan daji ne da damina, a yi tunani ko jif ɗin ma ita ce ta dace, ko kuwa a-kori-kura mai ƙashin baya.

Ga akawun da zai rubuta takardar sayen sabuwa kuwa, dogon garanti abin so ne, kada a raina shi, amma a ɗaure shi da alƙalami tun kuɗi bai fita ba. A sa wakili ya rubuta sunan garejin da za a riƙa kai motar da garin da ya ke. A rubuta wanda zai biya kuɗin janyo ta daga Birnin Gwari in ta mutu, da kwana nawa za a jira kayan gyara, da ko za a ba da wata motar aro in kwanakin sun wuce. A nemi ya yarda a rubuce cewa juyen da makanikin ƙaramar hukuma ya yi da man da kamfani ya ƙayyade, aka ajiye rasit, ba zai soke garanti ba, ko kuwa ya riƙa turo ma'aikacinsa Birnin Gwari sau biyu ko uku a shekara. Mai sayar da mota biyar a lokaci guda ba zai ƙi wannan ba in ya ga cinikin zai kuɓuce masa. Dokar kare masu saye da aka sa wa hannu a farkon 2019, wadda ta kafa hukumar FCCPC, ta ba mai saye ikon mayar da kayan da ba su da ingancin da ya kamata cikin wata 3, a gyara ko a musanya ko a mayar masa da kuɗinsa. Wata ukun nan daga ranar da aka miƙa motar su ke farawa, saboda haka motar da aka karɓa aka jera a harabar sakatariya ana jiran ranar bikin rabawa, kwanakinta tafiya su ke yi tana tsaye.